Yadda Na Ɗaga wa Surukina Murya

Ni mai murya ce tun ina yarinya. A Gozaki, inda aka haife ni, idan na kira ƙanena daga ƙofar gida sai a amsa daga gida na uku. Mahaifiyata takan ce da namiji ne ni, da masallacin unguwarmu bai sha wahalar sayen lasifika ba. Ranar da za a kai ni gidan miji a Ƙarfi, nasihar da ta fi nanatawa ita ce in bar muryar nan a waje, musamman a gaban suruki.

Na kuwa bari. Shekara goma sha biyu muna gida ɗaya da mahaifin maigidana, ban taɓa tsayawa na kalli fuskarsa ba. Takalminsa na sani, da bakin rigarsa, da gyaran muryarsa. A durƙushe nake gaishe shi, ina kallon ƙasa, shi kuma ya amsa yana kallon katanga. 'Yar Gozaki yake ce mini. Kada a ɗauka rashin jituwa ne. Idan ya tono gyaɗar fari a gona, yakan ajiye a bakin madafa ya ce a ba yara, alhali ya fi kowa sanin wadda take cinye ta.

Bayan rasuwar surukata da shekara biyu hannunsa na dama ya fara rawa. Muka ce tsufa ne da kewa. Sai takunsa ya fara gajarcewa, yana jan ƙafa, mutumin da a da yake zagaye gonar masara da ta auduga kafin hantsi. Daga nan abin da ya fi ba mu tsoro ya zo: yana cikin tafiya sai ƙafafun su manne da ƙasa, jiki yana son wucewa, su sun ƙi. An sha rubutu, an sha saiwa. Da aka gaji aka kai shi asibiti a Funtua, likita ya ce cutar Parkinson ce, mu dai ciwon karkarwa muke cewa. Ya ce ba ta warkewa, amma magani yana sassauta ta. Aka ɗora shi a kan ƙwayoyi, rawar hannun ta ragu, ƙafafun kuwa suna nan da halinsu.

Maigidana hatsi yake saye da sayarwa a Funtua. Da an idar da asuba yake fita, sai bayan magariba. Yara suna makaranta, 'ya'yan Baba mata duk suna gidajen mazajensu. Da rana daga ni sai shi a gidan, shi a ɗakinsa kusa da zaure, bayan gida kuma yana can ƙarshen tsakar gida. Na taɓa ƙirgawa, taku ashirin da uku ne ga mai lafiya.

Wata bazara na lura furar da nake kai masa tana dawowa yadda na kai ta. Ruwa ma haka. Da farko haushi na ji, don ni ba a raina mini fura. Har na yi wa maigidana mita cewa idan hannuna ne ya gundure shi a faɗa mini. Shi ne ya zauna da mahaifinsa ya tambaye shi a tsanake, ya dawo ɗaki jikinsa a sanyaye. Ashe Baba ya daina shan komai da rana ne don kada fitsari ya kama shi ɗansa ba ya nan. Ya ce gara ƙishirwa ta kashe shi da matar ɗansa ta riƙe shi zuwa bayi. Ana zafin da kaza ma take buɗe baki, dattijo yana zaune da busasshen leɓe saboda ni. Na ji kunyar mitar da na yi, na kuma ji tsoro.

Da aka koma asibiti likita ya yi faɗa, ya tura mu ɓangaren gashi. Na bi su ranar, tunda ni ce mai zama da shi. Ni da na ji gashi na zaci ruwan zafi da tawul za a kawo. Sai muka tarar da ɗaki mai faɗi, da ƙarafunan riƙewa, da wata likita 'yar siririya wadda ba ta kai ni shekaru ba. Ta gaishe da Baba da ladabi, ta sa shi ya tashi ya zauna, ya tashi ya zauna, ta kalli tafiyarsa. A daidai ƙofa ya maƙale. Maigidana ya kama hannunsa zai ja, ta hana shi. Ta ce wanda ya maƙale ba a jansa, jan ne yake kayar da shi. Ta zo gabansa ta tsaya, ta ce ya daina ƙoƙarin tafiya, ya miƙe, ya mayar da nauyinsa kan ƙafar hagu. Sannan ta fara tafi tana ƙirgawa da ƙarfi, ɗaya, biyu, ɗaya, biyu. Baba ya ɗaga ƙafa ya ratsa ɗakin nan da manyan taku, kamar zai je duba shuka.

Ta yi mana bayani a sauƙaƙe. Ta ce ƙafar ba ta mutu ba, abin da yake ba ta umarni daga ciki ne yake yankewa, idan kunne ya ji sauti mai tsari sai ƙafa ta bi shi. Ta koya masa buɗe hannuwa sosai, da juyawa a faɗaɗe maimakon a kan dunduniya, da tashi daga kujera ba tare da an ɗaga shi ba. Ta ce a riƙa yi kullum, a lokacin da maganin ya kama jiki, wajen hantsi ke nan. Ta ce kada ya riƙe buta yana tafiya, a ajiye masa ita a bakin bayi, a kuma kawar da tarkace daga hanyarsa, don wuri mai matsi shi ya fi maƙale masu wannan ciwo. Sai ta tambayi wanda yake gida da hantsi. Maigidana ya nuna ni.

Ta ce in zo in tsaya a gaban Baba in ƙirga masa. Na taso, na isa gabansa, sai gwiwoyina suka yi abin da suka saba, na durƙusa. Na buɗe baki, muryar da take cika unguwa ta ƙi fita. Baba ya kau da kai yana kallon taga. Na jira ta yi mini dariya ko ta ce wannan ƙauyanci ne, har na shirya amsar da zan ba ta, don bakina ba ya mutuwa a gaban wanda ba surukina ba. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ce ita ma tana da suruki, ta san abin. Ta ce ba dole sai ƙirge ba, duk sautin da yake zuwa a jere zai yi, mu nemi wanda gidanmu zai iya ɗauka. Wannan maganar tata ita ce ta sa har yau nake sa ta a addu'a.

Mun dawo gida ban san abin da zan yi ba. Kwana uku ana nan jiya i yau. Rana ta huɗu ina dakan barkono da hantsi, sai na ji gyaran muryarsa a ƙofar ɗaki. Na saci kallon ƙafafunsa, na ga sun manne a bakin dokin ƙofa. Ban daina dakan ba, sai dai na rage sauri, na daidaita bugun. Ƙafar dama ta ɗaga daidai da saukar taɓarya. Na sake bugawa, ta hagu ta biyo. Haka na yi ta bugawa, bayana a juye rabi, har na ji ƙarar ƙyauren bayi. Barkonon nan ya zama gari tun tuni, idona yana ruwa, kuma ba duka laifin barkono ba ne.

Daga ranar muka samu hanya, ba wanda ya ce wa wani uffan. Da safe in cika buta in ajiye a bakin bayi. Idan ya yi gyaran murya in jawo turmi. Da hantsi kuma ya fito gindin bishiyar bedi ya yi atisayensa, yana buɗe hannuwa, yana tashi yana zama a kan benci, yana zagaye tsakar gida, ni ina daka kamar ban san yana yi ba. Fura ta fara dawowa rabi, daga baya kwano ya riƙa dawowa wayam.

Matsalar ita ce abin dakan ya ƙare mini. Na daka daddawa, na daka kuka, na daka citta ta shekara guda. A zamanin da kowa inji yake kaiwa, sai ga ni ina surfe sau huɗu a rana. Maƙwabta suka ce 'yar Gozaki ta kamu da son daka, suka fara aiko mini da nasu. Wata ma har da saƙon cewa kada ya yi laushi sosai. Na haɗiye abin da ya zo bakina na karɓa, don ina bukatar dawarta fiye da yadda take bukatar hannuna. Tafukana suka yi kanta.

Duk wata muna komawa wajen likitar. Da maigidana ya ba ta labarin turmi ta yi murna ƙwarai, ta ƙara wa Baba sababbin atisaye. Amma ta faɗa mini gaskiya a gefe. Ta ce ciwon yana ci gaba ne a hankali, turmi yana iya tayar da ƙafa, amma ba ya iya ce wa mutum tsaya ko miƙe. Ta kuma ce kada in damu idan na ga ba ya fara'a, ciwon yana daskarar da fuska, mutum yana jin daɗi a ciki amma ba ya nunawa. Na ce a raina, ni da ban taɓa ganin fuskar ba ina ruwana.

Da kaka aka kawo masara, buhuna suka cika tsakar gida. Masu sauke kaya suka jera su ta yadda hanyar bayi ta koma 'yar siririya tsakanin buhu da katanga. Na ce a gyara, aka ce sai gobe. Ranar kuma ana suna a maƙwabta, tun da safe aka zo aka ari turmina. Ina wanke-wanke wajen azahar na ji gyaran murya, na juya inda turmi yake zama, babu. Kafin in yi wata dabara ya riga ya taho da kansa, ya shiga matsin nan. A tsakiya ya maƙale. Ƙafafun suna rawa a wuri ɗaya, kansa da ƙirjinsa suna ta yin gaba, ga dutsen guga a ajiye daidai inda goshinsa zai sauka.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ban san lokacin da na tsallake buhu na tsaya a gabansa ba, a tsaye, hannuwana duk kumfa.

"Baba, tsaya! Kada ka taka. Miƙe. Mayar da nauyinka hagu. To, ɗaga dama, babba. Ɗaya. Biyu."

Muryar Gozaki ce ta fito gaba ɗayanta, har masu kiɗan ƙwarya a gidan suna suka yi shiru. Ina ja da baya ina ƙirgawa, yana biyo ni, idona cikin nasa. Ashe yana da tabo a girar hagu. Ashe 'yata ta biyu idanunsa ta ɗauko. Ya kai bakin bayi, ya ɗauki butarsa, ya shiga. Fuskarsa ba ta nuna mini komai ba.

Na gudu ɗaki na rufe ƙofa. Na tsawata wa surukina, unguwa ta ji. Abincin dare yara na ba su kai. Da maigidana ya dawo na faɗa masa, ya ce Baba bai ce masa komai ba. Wannan shirun ya fi faɗa ciwo. Abin da ya fi damuna ba surutun mutane ba ne. Tsorona shi ne kunya ta sa ya koma ƙin shan ruwa, duk wahalar watannin nan ta tashi a banza.

Washegari aka kwashe buhuna, aka dawo da turmi. Da hantsi na ji gyaran murya. Na zuba dawa, na juya baya, na ɗaga taɓarya, na buga sau uku. Ban ji jan takalmi ba. Na saci kallo, yana tsaye a ƙofar ɗakinsa, ya dafa bango, yana kallon tunkiyar da take ɗaure a gindin bedi.

"'Yar Gozaki," ya ce, da muryar nan tasa da ciwo ya rage wa ƙarfi. "Hannunki ya sha wahala, na gani tun tuni. Allah ya yi miki albarka. Ajiye taɓaryar nan ki zo ki ƙirga mini, na fi jin naki."

Na jingina taɓarya da bango. Na goge hannu a zani, na gyara kallabi, na zo gabansa. Gwiwoyina suka so durƙusawa, na hana su. Na ce, "Bismillah, Baba. Ɗaya."