Yari Maɗori da Aljanar Ɗaki Na Tara

Duk wanda ya karye tsakanin Jega da Maiyama ya san Aliero za a nufa da shi, in kuma yaro ne, gidan Yari za a ce a kai shi. Ni ba yaro ba ne lokacin da aka kai ni. Malamin firamare ne ni a Maiyama, da gemuna, wata akuya ta gitta mini ina kan babur, ita ta wuce lafiya, ni aka kwashe ni da ƙwauri a karye. Sati shida na yi kwance a zauren Yari. A nan na san shi, a nan kuma na san abin da mutanen gari ke yi masa dariya a kai.

Yari ya ba hamsin baya. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, hannuwansa kullum cikin warin albasa da man shanu, don manomin albasa ne kamar kowa a garin, ɗori kuwa gado ne. Mahaifinsa, marigayi Audu, maɗori ne da aka yi ji da shi, amma aikinsa na ƙarfi ne: ƙarti huɗu su danne mutum, shi ya ja. Yari yana ɗan shekara tara ya faɗo daga kan jaki ya karye a hannu, uban ya sa aka danne shi kamar ragon layya. Hannu ya ɗoru sumul. Amma Yari ya gaya mini da bakinsa, har tsohon ya bar duniya, in ya ji takunsa yana shigowa gida sai ya nemi wurin ɓuya. Shi ya sa ranar da ya gaji aikin ya yi wa kansa alkawari guda, cewa ba za a danne yaro a zaurensa ba.

Faɗa da baki ba wuya. Ƙashi ba ya komawa mazauninsa da lallashi, sai an ja, kuma in mai karaya ya ga hannu na zuwa sai ya ɗaure jiki, nama ya yi tauri, a yi ta ja ƙashi na ƙi. Dabarar ita ce a ɗauke hankalin yaro na ƙiftawar ido. Yari ya gwada tatsuniya, ya gwada alewa, ya gwada ihun "Ga maciji!" Wannan ya yi masa aiki shekara guda, har labari ya bazu, yara suka riƙa shigowa suna kuka suna cewa, "Baba, mun san babu maciji."

Sai wani dillalin hatsi daga Jega da ya warke a hannunsa ya kawo masa tukuicin ƙaramar talabijin da sola, don masu jinya su rage zaman shiru. A cikin abin da aka tura masa akwai wani shiri mai dogon zango, Ɗaki Na Tara. Labarin 'yan mata ne na makarantar kwana a wani ƙauye, da wata ƙarama a cikinsu, Amatullahi, wadda ita kaɗai ke jin motsin aljanar da ke zaune a rijiyar bayan ɗakinsu. Gwanintar shirin ita ce ba a taɓa nuna aljanar ba. Sai dai a ji guga na hawa da kansa, ko a ga sawun ƙafa jiƙaƙƙe yana bin siminti yana nufo gadon yarinya, sawu ɗaya, sawu biyu, sannan ƙofa ta bugu. Ni da na zo ina yi wa abin kallon shirme, sai da na riƙa leƙa ƙarƙashin gadona.

Yari ya kamu tun kashi na farko, kuma bai ɓoye ba. Dattijo da furfura a gemu, ya san sunan kowace yarinya da gadon da take kwana. Abokansa na gonar albasa suka yi ta tsiya, wai Yari ya koma makarantar 'yan mata. Bai kula su ba, don ya gano abin da su ba su gani ba. Lokacin da ƙofar nan ke buguwa, babu yaron da hankalinsa ke kan hannunsa. Sai Yari ya tsara aikinsa a kai. Kowane kashi sai ya kalle shi shi kaɗai tukuna, ya haddace inda firgicin yake. In an kawo yaro, ya zaunar da shi gaban talabijin, ya shafa man shanu, ya yi tofi, ya riƙe hannun sako-sako kamar ba shi da niyyar komai. Ƙofa na buguwa, ya ja. Yaro ya ƙwala ihu, shi kansa bai san ko na aljana ba ne ko na ƙashi, kafin ya waiwayo har an fara jera kara ana naɗe tsumma. Na ga an yi haka da idona ya fi sau goma, ba a taɓa riƙe ko yatsan yaro ba.

Zango na farko ya ƙare guga na hawa, an ga ƙwayar yatsu a bakin rijiya, sai duhu. Shekara ɗaya da wata biyu Yari na jira. Bayan na warke na ci gaba da kai masa ziyara, kuma ban taɓa zuwa bai tambaye ni ba: "Malam, ba ka ji sunka ce yaushe ba?"

Ranar wata Asabar na ji an saki zango na biyu. Na biya ta Jega, na sa Naziru mai tura finafinai ya zuba mini kashi na farko a ɗan memori, na miƙa Aliero da hantsi ina jin kaina kamar mai kai albishir. Yari ya karɓa da sauri. Ya ce in zauna mu kalla tare kafin a kawo masa kowa.

Bai ko kunna ba sai ga babur a ƙofar gida. Wani manomi ne daga Giwa Tazo, Imrana, rungume da 'yarsa Lubna, 'yar shekara goma. Ta faɗo daga amalanken shanu, hannunta na dama ya lanƙwashe ƙasa da gwiwa, ya riga ya fara kumbura don sun yi nisan tafiya. Yarinyar ba ta kuka sosai, amma idonta na kan hannuwan Yari duk inda suka motsa.

Yari ya tsuguna gabanta. "Ɗiyata, kin san Ɗaki Na Tara?"

Fuskarta ta ɗan saki. Ta ce ta sani, a wayar yayanta ta kalla, sau uku, duk ta haddace. Har ta fara lissafa masa inda ƙofa ke buguwa a kowane kashi. Tsohon zango ba zai firgita wadda ta haddace shi ba. Sai Yari ya dubi abin da na kawo, ya dube ni.

Na ce masa a hankali, "Baba Yari, ba ka gani ba tukuna fa."

Ya ce, "Mutanen ga na san aikinsu. Ba su minti goma ba su ba da tsoro ba." Sannan ya juya ga yarinyar yana murmushi. "Yau ke za ki riga kowa ganin sabon. Ki yi kallonki. Babu mai riƙe ki, kuma ba ki ko sanin na taɓa ki. Alkawali na."

Ta miƙa masa hannun da kanta.

Allah wadaran naka ya lalace. Ban san wanda ya zauna ya rubuta wannan abin ba, amma in akwai hukuncin ɓata wa mutane rai, ya cancanci kaso mai tsoka. Minti ɗaya ba a yi ba sai ga aljanar, da rana tsaka, tsaye a tsakar gida. Wadda muka yi shekara muna tsoron sawunta, ashe wata ce aka shafe da farar hoda kamar an tsoma ta a garin rogo, da haƙoran roba biyu da ke neman faɗowa, koren hayaƙi na kwamfuta na fita ta kunnuwanta. Lubna ta ƙyalƙyale da dariya, ta ce, "Wagga ita ta aljanar?" Da Yari ya ja a daidai dariyar nan, wataƙila da an wuce wurin. Amma shi ma baki buɗe yake, takaici ya daskarar da shi.

Abin da ya biyo baya ya fi muni. Babu makaranta, babu rijiya, babu guga. An kwashe kowa an kai wani katafaren gida a birni mai benaye da motoci jere. Ƙaramar Amatullahi an canza ta da wata mata da ta haura talatin, an matse ta cikin kayan makaranta, gashin ido kamar tsintsiya. Aljana kuwa waya gare ta, tana kiran saurayi. Saurayin ya zo da mota, suka yi waƙa da rawa a bakin wani tafki minti bakwai cur, na duba agogo. Suna gamawa sai aljanar ta juyo ta dube mu ido cikin ido, ta ɗaga kwalbar man shafawa, ta ce sirrin haskenta ke nan. Wallahi na ji kunya kamar ni na yi shirin, tunda ni na ɗauko shi.

Duk wannan lokaci Yari na riƙe da hannun yarinyar, babban yatsansa a kan karayar, yana jiran ƙofa ta bugu. Ina ganin zufa na bin gemunsa. Hannun kuwa kumburi yake ƙarawa, kowane minti aikin na ƙara wuya. Ya yi ta cewa ƙasa-ƙasa, "Yanzu dai, yanzu dai." Minti arba'in suka shige. Ko kyanwa ba ta firgita ba.

Lubna ta kawar da kai daga talabijin. Ta ce, "Baba, kashe shi, ba shi da daɗi." Idonta ya koma kan hannuwansa, bai sake tashi ba.

Ya gwada shi kaɗai. Yana fara ja ta ɗaure jiki, ta fizge, ta yi wani irin ihu da har yau ina jinsa. Ya lallashe ta, ya sake gwadawa, ta sake fizgewa, ta maƙale a kusurwa. Ba a barin karaya haka, kowa a zauren ya sani. Sai Yari ya yi magana da wata murya da ban san shi da ita ba.

"Imrana, kama kahwaɗunta. Malam, riƙe ƙahwahu."

Na riƙe. Ƙafafun yarinya 'yar shekara goma ba su da wani ƙarfi, amma ban taɓa riƙe abin da ya yi mini nauyi haka ba. Sau biyu ya ja kafin ƙashin ya zauna. Ba wanda ya tuna ya kashe talabijin, don haka a kan kukan Lubna aljanar nan ta sake fitowa tana tallar manta. Da aka gama naɗewa, yarinyar ta ɗago jajayen idanu, ba ta dubi ubanta ba, ba ta dube ni ba.

Ta ce, "Kai kac ce babu mai riƙe ni."

Bayan sun tafi Yari ya zare abin da na kawo, ya miƙo mini da yatsu biyu kamar mushen ɓera, ya tofar da miyau a ƙofar zaure. Ya ce su da Allah, sun ɗauki abu mai kyau sun yi masa kashi a kai don su sayar da man shafawa. Daga nan ya ce a'a, nasa laifin ya fi nasu, don shi ya ɗora amanar yarinya a kan aikin da bai gani ba. Ya yafa wa talabijin ɗin buhun albasa. Har yau tana nan a rufe.

Bayan wata uku muka haɗu da shi ranar kasuwar Jega, ya kai albasa. Muna tsaye a bakin rumfa sai ga Imrana da Lubna. Tana ɗauke da bokiti cike da gero da hannun nan na dama, miƙe sumul, ko alama babu. Na ga farin ciki ya mamaye fuskar Yari. Ya ɗaga hannu, ya ce, "Ɗiyata!"

Ta tsaya cak. Ta ajiye bokitin, ta koma bayan ubanta, ta ɓoye hannun a cikin hijabi. Imrana ya yi ta yi mata faɗa, ta zo ta gaida Baba, mutumin da ya gyara mata hannu. Yari ya ce ya ƙyale ta.

Sai da suka ɓace cikin mutane, ya shafa nasa hannun, daidai inda ya karye yana yaro.

Ya ce, "Malam, hakanan nika yi in na hango mahaifina."