Yadda Na Riƙa Jefa wa Dogo Ƙwallo a Gwiwa

Shekarun baya, tun gwiwoyina ba su fara ƙara ba in zan tashi daga tabarma, ni ne na biyu a ƙungiyar ƙwallon kwando ta garinmu Kankia. Na biyu nake, kuma ban taɓa jin haushin hakan ba. Na ɗaya abokina ne tun firamare, shi ne kyaftin ɗinmu, mutumin da in ya saki ƙwallo daga nesa 'yan kallo kan fara tafi tun ba ta faɗa kwando ba. Ni kuwa mai raba ƙwallo ne. Ni ke tahowa da ita daga baya, in duba wanda ya samu sarari in ba shi. In an tashi wasa sunan abokina ake fara kira, sannan nawa. Matsayin nan yana da daɗi fiye da yadda kuke zato: in an ci da kai ake yabo, in an sha kashi kyaftin ake zagi.

A filin wata makarantar sakandare muke tirenin bayan la'asar. Simintin duk ya tsattsage, kwando ɗaya ma ya karkace, amma a wurinmu babu filin da ya kai shi. Kocinmu malamin motsa jiki ne a makarantar, shi ya sa Malam kawai muke ce masa. Abin da ya daɗe yana damunsa shi ne ba mu da senta, wato dogon da ke tsayawa ƙarƙashin kwando yana tare ƙwallon abokan hamayya, yana kuma zura tamu daga kusa.

Wata ranar kasuwa sai ga Malam ya shigo fili da wani saurayi a bayansa. Ya ce a bakin titin Kano zuwa Katsina ya gan shi yana miƙa wa kwandasta buhu a saman bas, ba tare da ya taka komai ba. Daga Kaikai yake, ta ƙasar Kusada, yana zaune wurin kawunsa yana koyon walda. Shekarunsa ba su wuce sha tara ba, na girme shi da kusan uku. Babu wanda ya tsaya tambayar sunansa, nan take ya zama Dogo.

Ranar mun sha dariya. In ya buga ƙwallo a ƙasa sai ta bugi ƙafarsa ta yi waje. Gudunsa kuwa kamar na ɗan maraƙin da aka kwance. Ni ne ma na fi kowa tausayinsa a lokacin, har tsohon takalmin yayana na kawo masa. Tausayin wanda ba ya tsone maka ido ba shi da wuya.

Wata huɗu kacal Dogo ya yi ya fara zama wani abu. Ya gane cewa in ya ɗaga hannuwan nan nasa, babu mai kaiwa inda suke. Malam kullum yana nanata mini magana ɗaya: "Dogo a sama ake ciyar da shi. Ɗaga mashi ita inda shi kaɗai ka iya kaiwa." Haka na riƙa yi, shi kuma yana ta zurawa.

Abin ya fara taɓa ni ne ranar da muka je wasa wani gari maƙwabcinmu. Dogo ya hana su sakat, muka cinye su. Da aka tashi, na ji yaran garin suna tambaya, "Ina kyaftin ɗin? Ina dogon?" Na tsaya ina ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba, ko wani zai tambayi mai raba ƙwallo. Babu wanda ya tambaya. Da za mu shiga mota kuma, Malam ya ce Dogo ya zauna gaba kusa da kyaftin saboda ƙafafunsa ba sa shiga baya. Kujerata ce wannan shekara uku. Na koma can ƙurya na zauna kan jakar jesi, ana ta waƙa ana kiɗa jikin mota, ni kuwa na ce kaina ke ciwo.

Bari in kira abin da sunansa, ƙyashi ne. Ba wai Dogo ya yi mini wani laifi ba. "Yaya" yake ce mini, har rusunawa yake in zai gaishe ni, kuma ko da ya rusuna ɗin ya fi ni tsawo. Ladabin nasa ma haushi yake ƙara mini, don ya hana ni samun dalilin ƙin sa.

Ana cikin haka Malam ya tara mu ya ce bayan kaka wani babban koci zai zo daga Katsina ya kalli wasanmu, zai ɗauki mutum biyu zuwa ƙungiyar jiha. Kowa ya san gurbi ɗaya na kyaftin ne. Saura ɗaya. Da a bara aka yi wannan sanarwa, da ko waiwaye ba zan yi ba. Ranar kuwa sai na ga idanun 'yan ƙungiya sun bar ni sun koma kan Dogo, shi kuma yana can yana sosa ƙeya bai ma san ana kallonsa ba.

Daga ranar na sauya hannu. Mai raba ƙwallo yana da wata dama da babu mai ita a fili: shi ke zaɓar inda ƙwallo za ta sauka a jikin mutum. Sai na daina ɗaga wa Dogo ita. Na koma aika masa ita daidai gwiwa, da ɗan ƙarfi, wani lokaci in buga ta a ƙasa ta taso masa a ƙauri. Duk wanda ke kallo zai ce fasin ne mai kyau, don tana isa wurinsa. Amma kafin mutum mai wannan tsawo ya naɗe kansa ya sauko, ta riga ta suɓuce. Sai in ɗaga hannuwa sama in juya ina girgiza kai, yadda kowa zai ga irin haƙurin da nake yi.

"Yi haƙuri, Yaya, laihina ne," haka yake cewa kowane lokaci.

"Ba komai, ka dai riƙa kula," in ji ni, ba kunya ba tsoron Allah.

Malam ya yi mini magana sau biyu, na ce ai ana tare mini sama ne. 'Yan kallo suka koma yi wa Dogo dariya kamar farkon zuwansa. Ni kuwa barcina ya dawo daidai.

Da ruwa ya sauka Dogo ya koma Kaikai taya mahaifinsa noma, aka daina ganinsa. Na yi wata biyu ina shan iska. Sai wata Juma'a Malam ya ce ni da kyaftin mu je mu dubo shi, mu tuna masa da maganar gwaji. Ban so ba, amma babu yadda zan ƙi. Muka hau babur ɗin abokina, muka bi ta Kusada, gero ya kai ƙugu hagu da dama.

Ba mu same shi a gida ba, aka nuna mana bayan gari. Tun daga nesa muke jin tim, tim. Muka tarar da shi gaban wata ƙatuwar kuka, ya dawo daga gona ko ƙafa bai wanke ba, riƙe da wata tsohuwar ƙwallo da Malam ya ba shi. Yana maka ta a gindin kukar da ƙarfi. Jikin kuka ba shi da daidai, don haka ƙwallon kan dawo ta inda ta ga dama, amma kullum a ƙasa. Shi kuma ya tanƙwara gwiwa ya baza hannuwa yana cafewa. Inda yake tsayawa har ciyawa ta mutu.

Da ya gan mu ya washe baki. "Yaya! Irin fasin ɗinka nike koyo. Na lura kai a ƙasa kake ba da ita, na ce to ni ne ban iya ba. Kullum in na taso gona sai na kama ɗari kahin in tahi gida."

Na ce, "Madalla."

Mahaifiyarsa ta dama mana fura. Daga bayan zana ta tambaya, "Wane ne mai koya mashi ɗin?" Dogo ya nuna ni. Ta yi ta sa mini albarka, ta ce ba shi da zance sai nawa, ta kuma ƙullo mini dafaffen ƙwan zabi a leda. Na karɓa da hannu biyu. Ina ma in ce muku na kasa ci, amma na ci.

A hanyar dawowa abokina ya tsayar da babur a Kusada kamar zai duba taya. Bai dube ni ba ya ce, "Ni fa na daɗe da gani."

"Mi ka gani?"

"Shekara nawa kana ba ni ƙwallo? Ban taɓa ganin ta sauka ƙasa da ƙirjina ba. Hannunka bai kuskure, sai in kai ka so."

Na hau borin kunya, na ce shi ma ya koma bayan Dogo ke nan, to Allah ya ba su sa'a. Ya tada babur, muka kama hanyar Kankia.

Ranar gwaji fili ya cika. Kocin Katsina wani dattijo ne mai furfura, dogo shi ma, da ɗan littafi a hannu. Aka raba mu gida biyu, ni da Dogo da kyaftin muka faɗo gefe ɗaya. Wallahi da niyya mai kyau na fito daga gida. Ƙwallon farko ma a sama na ba shi, ya zura. Sai na waiwaya na ga dattijon ya sunkuya yana rubutu. Rubutun nan shi ya kwance mini duk niyyar da na ƙulla.

Ta biyu na aika ta gwiwa. Ya cafe, ya miƙe da ita, ya zura. Ta uku na ƙara mata ƙarfi na sauke ta ƙauri. Ya cafe. Na yi ta saukewa yana ta cafewa, masu tsaronsa sun ɗaga hannuwa sama suna jiran ƙwallon da ba ta zuwa ta nan. Fili ya kaure da ihu, mutane sun ɗauka dabara ce muka shirya. Har wani na ji yana cewa, "Kai, yaran nan sun san juna!"

Da aka busa tashi, dattijon ya kira Dogo da farko. Wannan na riga na haɗiye shi tun ana wasa. Sai ya daɗe yana kallon littafinsa, sannan ya kira kyaftin. Ana ta rungume-rungume ya yafito ni gefe.

"Samari, bari in gaya maka abin da ya kawo ni. Masu jefawa daga nesa irin abokinka ina da su har sun yi mani yawa. Dogo nike nema, da wanda zai riƙa ba shi ƙwallo. Malaminku ya ce mani akwai ku biyun a nan." Ya buɗe littafin ya nuna mini wasu 'yan layuka da ya jera. "Sau tara yaron nan shina tsaye shi kaɗai ƙarƙashin kwando, hannunshi a sama. Sau tara ka aika mashi ita a gwiwa. Ko dai ba ka gani, ko kuma kana gani. Ko wanne ne a ciki, ba ni da aiki da kai."

Ashe gurbin nan da na yi wata da watanni ina tsaronsa, Dogo bai taɓa nemansa ba. Kujera biyu ce aka ajiye mana ni da shi, na sa ƙafa na ture tawa.

Ban gama jin wannan ba sai ga Dogo ya taho ya ɗaga ni sama ɗungurungum a gaban jama'a, yana cewa, "Yaya, kai ne sila! Wallahi kai ne sila!" Ƙafafuna suna lilo, ina murmushin da ya fi kuka ciwo. Ta saman kafaɗarsa na hango abokina yana kallona, sai ya kau da kai.

Sun tafi Katsina tare. Mutane sun yi ta gardama ko ɗan ƙauyen da ya fara wasa a makare zai iya zama na biyun kyaftin a can. Ya zama, har an kai lokacin da ba a san wane ne na ɗayan ba. Ni kuwa na buga shekara biyu a nan gida, na samu aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma, na ajiye takalmi. Abokina bai taɓa tona ni ba, bai kuma sake tayar mini da maganar ba.

Na sha jin mutane suna ba da irin wannan labari su ƙare da cewa zuciyarsu ta wanke tas. Tawa dai ba ta gama wankuwa ba. Na san ni na cuci kaina, na yi istigfari, ina kuma yi masa fatan alheri da gaske. Duk sallah sai ya zo gaishe ni, in yana tare da baƙo ya ce, "Ga wanda ya koya mani kama ƙwallo." Sau da yawa na buɗe baki zan faɗa masa gaskiya, sai in ji na ce, "Ai dama kana da ƙoƙari."

Jiya ma ya turo mini bidiyon wasansu a waya, ya rubuta, "Yaya, duba ka gyara mani." Na kalla har sau uku. A na ukun ne na kama kaina: ba kwandon nake kallo ba, hannuwansa nake kallo, ina jira ko sau ɗaya ta suɓuce masa. Ba ta suɓuce ba.