Makullin Karaban a Wuyan Jatau

Jatau na Furfuri bai taɓa zama a aji ba, amma yau a Gusau idan hitar gas ta ƙi kamawa shi ake nema. Ni Arzika, da na yi shekara shida a makarantar mishan, na kuma yi ashirin da bakwai ina gyaran injuna a aikin gona na gwamnati, ba a tunawa da ni sai an rasa shi. Zan rubuta yadda abin ya faru, domin a kan idona aka yi, ko da yake ba daɗin faɗinsa nake ji ba.

Mahaifinsa maɗebin zuma ne. Jatau ya tashi yana rataya amya a kan ɗorawa, da damina ya noma gero. Da shiga daji ya yi wuya saboda 'yan bindiga, ya bar amyoyinsa goma sha uku a can, ya ɗauko matarsa Salma da 'ya'yansu suka dawo Gusau. Ya sami gadi a farfajiyar Alhaji Mahadi, mai haƙa rijiyoyin burtsatse. Benci gare shi a bakin ƙofa, da buta, da rediyon da ba ya kunnawa. Yini yake yana kallon abin da ke tashi da abin da ke sauka.

A farfajiyar akwai karaban, wato ɗakin ƙarfe mai taya da ake ja da mota. Ciki da gado da wurin wanka, da hita mai dafa ruwa da gas. Nan injiniyan Alhaji ke kwana idan aiki ya kai su ƙauye. Ni ma a wurin Alhaji nake gyaran injuna tun da na bar aikin gwamnati. Tun ranar da aka sayo karaban ɗin makullinsa ke hannuna, domin ni kaɗai ke iya karanta littafin da ya zo da shi. A mishan malaminmu na sana'a ya hore mu kada mu taɓa ƙusa sai mun karanta. Kowace sifana tana da hotonta a zane jikin allo, in ta ɓata kowa ya gani. Da wannan tarbiyya na rayu, kuma ba ta taɓa ba ni kunya ba sai a Disambar shekarar 2022.

Wata biyar karaban ɗin ya yi a tsaye saboda hanyar Tsafe ba ta biyuwa. Sai aiki ya samu a Bungudu, za a tashi ran Litinin, injiniya kuma ya ce ba zai yi wanka da ruwan sanyi a wannan hunturu ba. Na kunna hita, wuta ta fito ja, ta yi hayaƙi, ta mutu. Na buɗe shafi na goma sha huɗu, inda aka jera dalilai goma sha ɗaya, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na canza kan tukunyar gas, na goge makunna, na auna kowace waya. Kwana uku ina kai, na yanke cewa bawul ɗin da ke sakin gas ne ya mutu, sai an aiko da sabo daga Legas, kwana goma.

A rana ta uku Jatau ya taso daga bencinsa ya tsuguna gefena.

"Malam Arzika, ka duba wanga bututu na ƙasa? Tun kaka nike ganin zanzaro na shiga da laka ga baki."

Na ce masa dalilai goma sha ɗaya ne a littafi, kuma zanzaro ba ya ciki. Ya ce to, ya koma bencinsa.

Da la'asar Alhaji ya zo. Da ya ji zancen kwana goma sai ya riƙa juya carbi, domin aikin zai kuɓuce masa. Nan Jatau ya roƙi izinin ya gwada, ya kuma roƙe ni aron sifana mai lamba goma. Na ba shi. Ya rufe gas, ya kwance bututun, ya ɗaga shi saitin rana, haske bai ratso ba. Na miƙa masa siririyar wayar ƙarfe ya sakace, ya ce a'a, ƙarfe zai faɗaɗa 'yar ƙofar da gas ke fita. Ya zaro tsinke daga tsintsiyar shara ya riƙa sakacewa a hankali. Laka ta zubo, ɗakuna huɗu jere, kowanne cike da busassun gizo-gizo da zanzaro ya tara wa 'ya'yansa. Ya hura, ya mayar, ya ɗaure. Wuta ta kama shuɗiya, tsaye ƙyam.

Don in ce wani abu, na kawo shawarar a toshe mashigar iskar da tsumma, kada ƙwarin su dawo.

"In ka toshe amya gaba ɗaya, zuma mutuwa takai, Malam. Wuta ma numfashi takai."

Ya aika gida aka yanko masa ragar tsohuwar rariyar Salma, ya ɗaura a bakin mashigar. Lakar kuma ya tattara ta a ganye, wai mata na jiƙa ta su shafa wa yara masu hangum. Ko ita bai bari ta tafi a banza ba.

Alhaji bai faɗa mini baƙar magana ba. Ya gode mini, ya ce na sha wahala. Da wata ya kama, ya ce tafiyar ƙauye ta yi wa shekaruna yawa, in miƙa wa Jatau makullin. Na miƙa. Ya zura shi a igiya ya rataya a wuya, yadda yara ke rataya laya.

Labari ya bazu. Masu otal suka fara kiransa, da masu gasa burodi da gas, da matan da murhunsu ke baƙanta tukunya. Sau bakwai cikin goma zanzaro ne ko gizo-gizo. Ya sayi keke. Yaran unguwa suna ce masa Injiniya, sunan da ni na yi shekara uku ina zana jarrabawa kafin a kira ni da shi.

Bayan wata biyu ina sake bin littafin, sai na gani a shafi na talatin da ɗaya, ƙarƙashin babin ajiya, da ƙananan haruffa: a duba bututu saboda gidan ƙwari idan an daɗe ba a kunna ba. Babin gyara na karanta, na tsallake na ajiya. Na ɗauki littafin har bencinsa don ya san ilimin nan rubutacce ne tun kafin ya zo Gusau. Na fassara masa layin sau biyu.

"Ashe Bature ma ya sha zanzaro," in ji shi, yana dariya. Sannan ya ce lambobin da ke jikin kayan gyara suna ba shi wuya, masu shago na ba shi wanda ba shi ba, ko zan riƙa raka shi.

Na ce zan duba. Na yi mako uku ina dubawa.

Yanzu Talata da Alhamis muna fita tare, shi da keke da tsinken tsintsiya, ni da tabarau da littafi. Idan aka tambaye shi wane ne tsohon, sai ya ce malaminsa ne. Na san kara yake yi mini, kuma karar ta fi raini ciwo. Idan ya sunkuya kan bututu makullin yakan leƙo daga wuyan rigarsa yana lilo, ni kuwa in mayar da ido kan lambar da ya ce in karanta.