Roba da Katako

Duk mai bi ta ƙofar filin ƙwallo ya san Roba, mai ɗinkin takalman 'yan wasa, da bencinsa da gwangwanin gam. Sunan tun yana yaro ya samo shi. Jikinsa na da wani irin laushi, in ya ɗauko ƙwallo ya karkace sai mai tsaron baya ya rungumi iska. Ƙanensa kuwa Katako ake ce masa, don in yana gudu sai ka rantse tabarya ya haɗiye.

To, laushin nan shi ya ci Roba. Yana tsakiyar tashe jijiyar gwiwarsa ta tsinke. Aka yi aiki, ya koma fili, ɗayar ma ta bi sahu. Likitan ƙashi ya ce ba sakacinsa ba ne, gado ne, akwai dangin da gaɓoɓinsu ke sako-sako. Da gaskiyarsa, don kawunansu biyu duk da sanda suka tsufa. Katako kuwa, uwa ɗaya uba ɗaya, ya tsallake. Ya yi shekaru yana wasansa na ƙarfi-ƙarfi, ko targaɗe bai taɓa yi ba, har ya zama kyaftin, yau shi ne kocin ƙungiyar.

Maganar gaskiya, Roba na kishinsa, kishi mai cin rai. In Katako ya wuce da usur a wuya ya ce, "Yaya, sannu da aiki," sai Roba ya soka basilla kamar takalmin ne ya yi masa laifi.

"Mutumin da ko kujera ba ya iya yankewa da ƙwallo," yakan ce wa matarsa, "wai shi ke koya wa mutane."

Babban ɗan Roba ya taso da son ƙwallo, uban ya ce ba da yawunsa ba, gurgu ɗaya ya ishi gida. Katako ya yi ta sintiri yana roƙo. A ƙarshe suka yi sharaɗi: a kai saurayin asibiti a duba shi, in ya gaji laushin, ya haƙura har abada.

Su uku suka je. Likita ya kwantar da saurayin kan gado, ya tanƙwara masa yatsu, ya miƙar da gwiwar hannu, ya riƙe ƙwaurinsa ya ja, ya sake ja. Roba na tsaye jikin ƙofa, bakinsa sai motsi yake da addu'a.

"Wannan garau yake," in ji likita. "Ban ga alamar komai ba." Ya dubi saurayin, ya dubi Katako, ya yi murmushi. "Ai ga inda ya samo ƙirar. Kai ne mahaifin?"

"Ni ne," in ji Roba, da sautin da ya fi ƙarfin ɗakin. "Likita, ko kaɗan bai ɗauko ni ba?"

"A gaɓoɓi dai ko kaɗan. Ka gode wa Allah."

Ya gode, kuma har zuciya, don abin da ya daɗe yana roƙo ke nan. Saurayin da baffansa tuni sun sauka matakala bibbiyu, suna ta lissafin atisayen gobe. Sai da suka kai ƙasa ɗan ya waigo.

"Baba, mu jira ka ne?"

"Ku je," in ji Roba.