Kwamfuta Ba Ta San Maitama Ba

Ku matso ku ba ni aron kunnuwanku, ku da kuka dame ni da tambayar abin da ya kai tsohuwa Abuja. Ni ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini magana.

Mun tashi da asuba daga Mandawari, ni da maƙwabciyata, maza na fitowa daga masallaci muna ratsa lungu da 'yan kayanmu. Amma kafin mu hau mota bari ku ji abin da ya fitar da ni.

Shekarun baya, tun Malam maigidana yana da rai, mun ba wani mutum hayar shagon da ke jikin zaurenmu ya kafa injin markaɗe. Ya sha wutar lantarki iya shansa, ya tattara ya tafi bai biya ba. Malam ya rasu. Da aka zo aka sa mana mita mai kati, sai masu wuta suka ɗauko tsohon bashin mai inji suka jibga wa gidana. Duk katin da na saya, mita ta lashe rabi tun ban kunna fitila ba. Ni kuwa da firiza nake ci nake sha, ƙanƙara da zoɓo da kunun aya. Ga azumi ya matso. In firizar nan ta tsaya sai in koma miƙa wa 'ya'ya hannu, abin da ban taɓa yi ba.

Na kai kuka ofishin masu sauraron koke na nan Kano. Ma'aikacin ya tambaye ni sunan maigidan, na ce Maitama. Duk wanda aka haifa cikin ganuwa ya san sunan da ake sakayawa da Maitama, sunan annabin nan ne da 'yan'uwansa suka jefa rijiya. Tun ranar da aka kai ni ɗakin Malam ban taɓa kama sunan nan da bakina ba, haka muka tarar da iyayenmu. Ma'aikacin ya rubuta yadda ya ji. Bayan watanni amsa ta dawo, wai babu wani Maitama a kwamfutar masu wuta, an rufe magana. In ana so a sake buɗewa, sai mai koke ta je babban ofis na Abuja da ƙafarta.

Ita kuwa maƙwabciyar tawa, irin wannan matsala ta same ta, zama ɗaya aka warware mata. Ta yi yaƙi da jahilci, tana karanta takarda tana gyaɗa kai. Ba ta ma buƙatar wutar, ɗanta ya shimfiɗa mata sola a kan soro, gidanta fes da haske namu duhu. Malam da kansa yakan ce, in abu ya shige miki duhu ki tambayi matar gidan can, tana da kai. Allah Ya jiƙansa, na yafe masa komai, amma wannan magana tana nan inda ya ajiye ta. To ita ta san hanya, ita ta ce za ta raka ni, ni kuma ba ni da wani zaɓi.

A-daidaita-sahu ya sauke mu a tashar Unguwa Uku. Da aka faɗi kuɗin mota sai da na sake tambaya, don a zamaninmu da wannan kuɗi tunkiya ake saya har da ɗanta. Yaran tasha suna hango haƙorin Makka a bakinta suka ce, "Hajiya, ga gefen taga." Ni kuma aka ce, "Iya, matsa ciki." Na matsa, na zauna kusa da buhun albasar wani, har Abuja muna tare da shi.

Mun wuce Kura gari na wayewa, gonakin rani kore shar kamar damina ta manta ba ta tafi ba. A Kadawa kwandunan tumatir ne jere a bakin titi, ja wur, ido ba ya ganin ƙarshensu. Hanya wani wuri sumul har barci ya ɗauke ka, wani wuri a karkatar da ku gefe, mota ta yi ta tankaɗe ku kamar gari a rariya. A Zariya 'yan talla suka rufe mu da karas da awara. A Kaduna na leƙa ta kan kafaɗar maƙwabciyata na ga kogi, rabinsa na gani, rabin ɗankwalinta ya tare.

A Tafa direba ya tsaya cin abinci. Doya da ƙwai muka ci, doyar can kuwa gari gare ta, ba irin wadda take isowa Kano ta gaji ba. Ina nan ina kwance ƙullin bakin zani, ita har ta shafa waya ta biya mana mu biyu. Mai abinci ta ce, "Hajiya kin waye." Na mayar da ƙullina na ɗaure. Can gaba muka ga Dutsen Zuma. Ina son Dala, a gindinsa aka binne cibiyata, amma a gaban wancan dutse Dala curin fura ne.

Mun sauka a Kubwa gidan 'yar maƙwabciyata. Ruwan zafi daga bango yake fitowa. Aka karɓe ni hannu biyu, surukinta har ƙasa ya gaishe ni. Na duba gabas na duba yamma ban sami abin kushewa ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Da safe muna bakin titi muna jiran mota, sai na ji wani kwandasta yana ɗaga murya, "Maitama! Maitama!" Na waiga da sauri, na riƙe ƙirji.

Maƙwabciyata ta yi dariya ta ce, "Yaya, unguwa ce fa, ta manyan masu kuɗi."

Na ce, "Ashe Malam yana da unguwa guda a Abuja, ya bar mu a lungu muna faɗa da mita."

Ofishin bene ne, ana shiga wani ɗan akwati ya ɗaga mutum sama. Na yi ta salati har ya tsaya. Ciki sanyi kamar firizata a kwanakinta na arziki. Mutane a jere kan kujeru, kowa da ƙullin takardunsa da nasa ɓacin ran, kowane yare akwai. Da layi ya zo kanmu aka kai mu gaban wata mata 'yar Jos, mai fara'a, Hausarta a miƙe ba lanƙwasa. Ta saurare ni tun daga injin markaɗe har zuwa azumi, ba ta katse ni ba.

Sannan ta ce, "Mama, abu ɗaya ya rage. Ki ba ni sunan maigida na gaskiya, in nemo tsohon asusun gidanku. In ya fito babu bashi, magana ta ƙare."

Na ce, "Malam."

"Malam wa?"

"Maitama."

Ta ce, "Mama, wannan sunan ne ya sa kika sha wannan doguwar hanya. Na yanka nake so."

Na sunkuyar da kai. Na dubi yatsun ƙafata. Na tuna kakata da ta mutu ba a taɓa jin sunan kakana a bakinta ba. Mutanen da ke bayanmu a layi suna ta gyaran murya. Sai maƙwabciyata ta matso da kujerarta ta ce, "Yaya, bari in faɗa mata, ai na san shi." Har ta zumɓuro baki ta kama farkonsa.

Ban san lokacin da na damƙe hannunta ba. Na ce, "Hajiya, rufe bakinki. Kin riga ni Makka, kin riga ni karatu, kin riga ni sola, har gefen taga kin riga ni. Wannan kam nawa ne."

Na juya na dubi 'yar Jos na faɗa. Ya fito da nauyi, kamar an ɗaga murfin adudun da aka daɗe ba a buɗe ba. Na haɗa da sunan mahaifinsa. Ta danna, ta ɗan jira, ta juyo da fuskar kwamfutar wajena kamar zan iya karantawa. Ta ce ga shi nan, gidanmu ba a bin sa ko kwabo, bashin mai inji a wani asusu yake daban. Na dangwala yatsa, aka sake buɗe koke.

Washegari a hanyar dawowa muka tsaya a Kaduna. A nan maƙwabciyata ta sayi rake ta miƙo mini gaɓa. Ta ce, "Ni ranar da na kai nawa koken, rubuta sunan Alhaji maigidana na yi na tura musu. Har yau ban san yadda yake a baki ba."

Na ce a raina, har a nan ma ta fi ni, ta biya buƙata ba ta taɓa kunyarta ba. Amma da na dube ta sai na ga ba taga take kallo ba, bakina take kallo. Na sha rakena a hankali.

Mun shigo ta Ƙofar Na'isa ana kiran la'asar. Abin da na koyo a tafiyar nan, ku gaya wa 'ya'yanku mata: kunya tamu ce, a cikin gida take aiki. Kwamfuta ba a cikin ganuwa aka haife ta ba, ba ta san sakaya ba. In za ku ofis ku tafi da suna yadda liman ya raɗa shi.

Mai inji, an gano shi a Dawanau ya koma awon hatsi, bashinsa ya bi shi har rumfarsa. 'Yar Jos ta bugo waya kafin a ga wata ta ce an daina yankar mini kati, kuma gaskiya ta faɗa, firiza ta yi azumin nan tana gurnani, ban miƙa wa kowa hannu ba. Maƙwabciyata batirin solarta ya mutu a goman tsakiya, kullum da yamma sai ta aiko karɓar ƙanƙara. Ba na karɓar kuɗinta, amma nakan bar ɗan aiken ya ɗan tsaya a zaure. Sunan Malam kuwa, na mayar da shi inda na ɗauko shi na rufe. Sau ɗaya ya fita, Abuja ya je, kuma a bakina ya je ya dawo.

Ga kunnuwanku nan na mayar muku.