Habu Sajan da Sandar da Ya Hana Ni

Habu Sajan ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni. Ina zaune ƙofar gida da kofin koko, ƙanensa Malam Tasi'u ya kira ni daga Kausani, ya ce, "Yaya Ilu, sai haƙuri, abokinka ya cika bayan sallar asuba." Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na kashe waya. Na shanye kokon. Har kofin na wanke, abin da ban saba yi ba.

Har yanzu ban ji komai ba. Kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta.

Ku yi haƙuri da rubutuna. Ban yi boko ba, ajin yaƙi da jahilci ne iyakata, da yatsa ɗaya nake dannawa.

Tasi'u ya ce abokina, ban gyara masa ba. Amma mutanen Wudil sun sani, rabon da in zauna tabarma ɗaya da Habu tun autata tana goye, ga ta yanzu da 'ya'ya biyu.

Ga wanda bai san shi ba: Habu ne mai ɗaukar sandar majalisar jiha, shi ya sa ake ce masa Sajan. Sandar nan mai ruwan zinare da ake saɓawa a kafaɗa a shiga gaban kakaki. In ba ta kan tebur, duk abin da 'yan majalisa suka yanke hira ce kawai. Ni kuma direban kakaki ne. Wata ɗaya aka ɗauke mu aiki. Da soja suka rufe majalisa aka watsa mu ma'aikatu, da farar hula suka dawo muka koma tare.

Ba wanda ya san kakakin majalisar nan kamar Habu. A jere yake kawo su, daga na fari. Yakan ce, "Ni ban taɓa ganin kakaki yana shiga zaure ba, kullum ƙeyata yake kallo. Da takunsu na san su." Akwai mai sauri da ke taka masa dunduniya. Akwai mai tsayawa gaisawa da kowane layi, har kafaɗar Habu ta mutu. Akwai wanda aka sauke ya sake dawowa, Habu ya ce takunsa na biyu ya fi laushi. Akwai mai sabon takalmi mai kuka, wanda aka tsige tun takalmin bai daina kukan ba.

Ni a madubi na san su. Mai barci baki buɗe. Mai haddar jawabin Turanci tun daga gida har ofis. In an tashi aiki mukan zauna bayan gareji, shi ya kwaikwayi tafiya, ni in kwaikwayi barci, masinjoji suna ta dariya.

Shi ya koya mini sa hannu, a bayan tsofaffin takardun majalisa. Ya ce bai kamata direban kakaki yana dangwala yatsa ba.

Ranar da haihuwa ta zo wa Hajara matata da gardama, jininsa aka ƙara mata.

Duk Juma'a in mun sauko gida yakan sayi kifi a bakin gada, ya cire kan ya ba ni, ya san shi nake so.

Sai ranar nan.

Kakakin da nake tuƙawa a lokacin, wanda nake kira Maigida, ya ji an haɗa masa kai za a tsige shi. Da hantsi ya kira ni gefe, ya ce, "Ilu, mai sanda mutuminka ne. Ka ce ya sa maka ita a but ɗin mota, ka wuce da ita Wudil. Kwana biyu kawai, in daidaita mutanena." Na je na gaya wa Habu. Yana goge sandar da tsumma, bai ɗago ba. Ya ce, "Na ji." Na ɗauka ya yarda.

Na kai mota ƙofar baya, na buɗe but, na shimfiɗa dardumata a ciki don kada sandar ta ƙoje. Na tsaya a rana har aka kusa azahar. Ta taga na hango shi ya wuce da ita a kafaɗa, wani ne daban a bayansa.

Da yamma na ajiye makullin mota a teburin akawu na taho gida. Sau uku Habu yana zuwa Wudil da makullin nan a aljihu, wai sabon kakaki ya ce in koma, mota ta ofis ce ba ta mutum ba. Na ce ba na tuƙa wanda ya hau ta kan Maigida. Haka aikin ya tafi, da fansho da komai.

Shi kuma Maigidan da na yi wa haka, ko gaisuwar Sallah bai taɓa aiko mini ba. Ina da magana da shi, amma ba yau ba.

Haɗuwarmu ta ƙarshe, Juma'ar da ta wuce ta sama, ranar kasuwa. Ina kan benci wajen masu shayi kusa da kara, sai ga shi yana dogara sanda, ya rame. Ya zauna ba tare da na ce bisimilla ba.

Ya ce, "Direban Maigida, but ɗin yana buɗe har yanzu?"

Na ce, "Na rufe shi tuntuni, da kai a waje."

Ya ce wani malamin jami'a yana son ya rubuta tarihin kakakin majalisa, shi Habu ya ce masa sai mu biyu tare. "Ni na san tafiyarsu, kai ka san barcinsu. Rabi-rabi ne." Na ce ya je ya ba shi rabinsa, nawa ba na kyauta ba ne.

Ya kalli shanun da ake lodi. Can ya ce, "Ilu, da na ba ka sandar nan, kai za a kama a hanya. Maigida a gidansa zai kwana."

Na ce, "Da ka bar ni na zaɓa. Ko ka fito ka ce mini a'a."

Ya ce, "To ka yafe mini, ko da ban yi laifi ba."

Na ce, "Ka ji ka. Ko da ba ka yi ba. Sai ka fara yarda ka yi."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ajiye ƙunshin kifi a bencin, ya miƙe da ƙyar, ya ce, "Zan dawo Juma'a mai zuwa in sake tambaya."

Bai zo ba. Na lura bai zo ba. Ban tambayi kowa ba.

Yanzu na dawo daga Kausani. Mutane sun taru, har da tsofaffin 'yan majalisa da na gane wasu, su ba su gane ni ba. Kafin a yi salla liman ya juyo ya ce duk wanda mamaci ya taɓa saɓa wa ya yafe masa. Sahu duka ya amsa, mun yafe. Ni na buɗe baki, ba abin da ya fito. Tasi'u yana gefena, na san ya lura. Ya dai riƙe mini takalmi da za mu shiga maƙabarta.

Ina nan a kan cewa bai kamata ya bar ni tsaye a rana ba. Wannan ba zan janye ba.

Amma ya yi tambaya, ban ba shi amsa ba, kuma a gaban liman ma na kasa. Shi ya sa nake rubutawa nan, inda mutane za su gani.

Habu, na yafe. Ko ka yi laifi, ko ba ka yi ba.

Nawa ne ya rage. Ban taɓa ce masa ya yafe mini ba, kuma yanzu ba wanda zan tambaya.

Allah Ya jiƙan Habu, Ya haskaka kabarinsa, Ya sauƙaƙa masa tambaya, Ya ba iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta har nan ya yi masa ƙulhuwallahu ƙafa uku. In da saura a bakinku, ku sa da ni.