Farin Kare a Hanyar Kelle

Damagaram zuwa Gure

Ƙarfe biyar da rabi na asuba muka bar tashar Damagaram, ni da ɗiyata Zara mai shekara shida, a hutun lakol, wato makaranta, na Disambar 1994. Kakarta ce a Kelle ta aiko har sau uku a kai mata ita. Jandarmomi suka tsayar da mu a Mirya da Gidimuni, suka duba takardu suka sallame mu. Kilomita ɗari da sittin da ƴan kai ne, amma sai sha ɗaya muka shiga Gure.

Duk hanya Zara ba ta rufe baki ba. Ta samu wata tsohuwa tana ba ta labarin wasan yara da suke kallo a tele: wani ƙaton farin kare na ƙasar duwatsu masu ƙanƙara, mai ceton yara. Ni kuwa tun da kare ya cije ni a sharaɓa ina yaro, ko kwikwiyo na hango sai na canza hanya. Muka kwana gidan wani abokina malamin lakol, aka ba mu tuwon gero da miyar kuka, da dabino na guzuri.

Gure zuwa Kelle

Ƙarfe bakwai muka hau wata tsohuwar Landiroba. Wajen ƙarfe tara taya ta fashe a tsakiyar rairayi.

"Malam, ku sauka ku miƙe ƙafa," in ji direba.

Na duƙa ina riƙe masa ƙarfe. Ban fi minti biyar ba na ɗago, babu Zara. Can gindin tudu na hango jar rigarta a cikin garken tumaki, wani abu fari ya taso mata. Na ɗauka maraƙi ne. Da ya buɗe baki sai na ji haushin a cikin ƙirjina.

"Baba, ga shi! Shi ne na tele!" ta ce, tana miƙa masa hannu.

Na yunƙura zan ruga, sai wani dattijo makiyayi ya damƙe rigata ta baya.

"Tsaya nan, ɗana. Duk mai gudu zuwa ga tumakin nan, kura ne a wurinsa. In ya zabura, yarinyar ce a gabansa."

"Baba, kira shi mana!" na ce masa.

"In yana gadi ko ni ba ya ji. Wani Bature mai aikin dabbobi ya bar mini shi. Ka yi shiru."

Karen ya shinshina kanta, ya tura ta da hanci cikin ƴan tumaki, ya kwanta tsakaninmu da ita, idonsa a kaina. Na ɗaga ƙafa ɗaya, ya yi gurnani, na mayar da ita. Dattijon ya ce karen ya riga ya sa ta cikin garke, sai an kai su rijiya zai sake ta.

Minti arba'in na yi a tsaye. Zara ta gaji da wasa ta fara kirana, daga baya ta koma kuka, ni kuma ba halin amsawa. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Da lokaci ya yi dattijon ya kaɗa tumakin a hankali, Zara na tafe a tsakiyarsu. A bakin rijiya karen ya tsoma baki a kwamin ruwa, dattijon kuma ya ɗauko ta ya kawo mini. Ko ƙwarzane babu. Sha biyu muka isa Kelle, na kasa cin abincin da tsohuwata ta ajiye mana.

Komawa gida

Kwana huɗu muka yi, muka iso Damagaram ranar Lahadi da la'asar. Uwarta Hadiza na tsefe mata kai ta zaro dogon farin gashi daga kitson. Na faɗa mata komai.

"Kai kana ina lokacin, Malam?"

"Ina tsaye ina kallo."

Ta daɗe tana dubana, sannan ta ja yarinyar jikinta.

Na gode wa Allah da ya maido mu lafiya, na gode wa dattijon nan da ko sunansa ban tambaya ba. Da bai riƙe rigata ba, da na ruga don in ceci ɗiyata, kuma da guduna ne ya halaka ta.